MONO DA SITIRIYO: TARIHIN ƊAUKAR MURYA DA AMANAR TSOFAFFIN FAYAFAYANMU



Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau a ido ƙarami ne, har wani zai iya cewa ai wannan zancen masu gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, me ya kawo shi zauren jami'a. Batun kuwa shi ne bambancin da ke tsakanin hanyoyi biyu na ɗaukar murya a faifai, watau mono da sitiriyo, da kuma dalilin da ya sa tsohuwar waƙa guda takan fita da amo iri biyu gwargwadon hanyar da aka bi da ita. Amma ina fata kafin mu tashi za ku yarda da ni cewa maganar ta tarihi ce. Muryoyin sarakunanmu da malamanmu da makaɗanmu waɗanda suka yi zamani tun daga Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa shekarun 1970, kusan dukkansu da mono aka ɗauke su. A yau kuwa ana ta kwashe su ana zubawa a wayoyin hannu da intanet, kuma a garin kwashewar ana yi musu wani gyara da ke sauya kamanninsu. Abin da nake so in tabbatar shi ne, tsohon faifan mono shaida ne na tarihi kamar yadda tsohuwar takardar ajami take shaida, kuma ƙa'idar da malaman Gwandu suka bi wajen kwafar littattafai ita ce ta kamace mu wajen kwafar muryoyi.

Kunne Biyu, Hanya Ɗaya

Bari mu fara da halittar mutum. Idan aka buga ganga a hannunka na dama, amon yakan riga isa kunnen dama kafin na hagu, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Haka kuma kai yakan tare wani sashe na amon, sai ya isa kunnen hagu da ɗan rauni. Da waɗannan 'yan bambance-bambance ƙwaƙwalwa take gane inda amo ya fito. Wannan ne ya sa mutum yake iya tsintar muryar abokin cinikinsa a tsakiyar kasuwar Jega, alhali ga hayaniya ta ko'ina, domin kuwa kunnuwan biyu suna taimakonsa ya ware murya daga murya.

Kalmomin nan biyu asalinsu daga harshen Girka ne. Mono na nufin abu ɗaya tilo, sitiriyo kuwa na nufin abu mai jiki, mai tsawo da faɗi da kauri. A wajen ɗaukar murya, mono ita ce a tara dukkan amo a hanya guda. Sitiriyo kuwa a raba shi hanya biyu, ɗaya ta lasifikar dama, ɗaya ta hagu, don a kwaikwayi yadda kunnuwa suke ji a fili. Ya kamata a lura cewa yawan lasifika ba shi ke yin sitiriyo ba. Faifan mono ko an jona shi da lasifika goma, abu ɗaya dukkansu za su fitar. Faifan sitiriyo kuma idan aka saurare shi ta lasifika guda, ya koma mono.

A jikin faifai akwai wani siririn kwari da ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya, shi ne allura take bi. A faifan mono allurar gefe da gefe kawai take kaɗawa. A na sitiriyo kuwa kwarin yana da bango biyu masu karkata, kowane bango yana ɗauke da hanyarsa, saboda haka allurar takan kaɗa gefe da gefe, ta kuma hau ta sauka. Sa'an nan akwai aikin da ake yi kafin murya ta hau faifai, wanda za mu kira haɗi. Mai haɗi shi ne yake yanke shawarar wace murya za ta fito gaba, wace ganga za a rage mata ƙarfi. Idan ya yi haɗi biyu na waƙa guda, ɗaya na mono ɗaya na sitiriyo, to haƙiƙa aiki biyu ya yi, kuma ba lalle ne su zo daidai ba.

Taƙaitaccen Tarihin Faifai

A shekarar 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko da take ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Bayan shekara 10, a 1887, Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai shimfiɗaɗɗe, wanda shi ne kakan wanda iyayenmu suka sani. Har zuwa 1925 babu makirfo a wannan aiki. Mawaƙi bakin wani babban ƙaho yake tsayawa ya ɗaga murya, ƙarfin muryar ne yake kaɗa allurar da take yin zane. Daga 1925 aka koma ɗauka da makirfo da lantarki. Faifan wancan zamani da wani irin ƙaro ake yinsa, yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, yana zagaye 78 a minti guda, kuma fuska ɗaya ta wanda aka fi yayi ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 3 da 'yan kai.

A 1931 wani injiniya na kamfanin EMI a Ingila mai suna Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar sitiriyo, har da yadda za a zana hanya biyu a kwari guda. Amma kasuwa ba ta shirya ba tukuna. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai zagaye 33 da sulusi, wanda fuskarsa ɗaya take ɗaukar minti 20 ko fiye. A 1949 kamfanin RCA ya fito da ƙarami mai zagaye 45. Dukkansu mono ne. Sai a 1958 fayafayan sitiriyo suka shiga kasuwa sosai a Amurka da Ingila, kuma sai da aka yi kamar shekara 10 ana buga kowane faifai iri biyu kafin manyan kamfanoni su daina buga na mono wajen 1968. A tsakanin nan, a 1963, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, wanda daga baya ya game duniya.

Isowar Na'urar Ƙasarmu

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, ya buga su don sayarwa a garuruwan bakin teku. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu cinikin faifai ya kafu a Ikko a hannun kamfanoni irin su Decca da EMI. Amma mu a Arewa, rediyo ce ta fi kai muryar makaɗa cikin gidaje. Akwatin rediyo mai waya ya iso Kano a 1944. An kafa ma'aikatar watsa labarai ta Nijeriya a 1951, ta zama hukuma mai cin gashin kanta a 1957, shekarar da sashen Hausa na BBC ya fara aiki. A 1962 kuma aka buɗe Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna. Waɗannan gidaje duka a gajeren zango da matsakaicin zango suke watsa shirye-shiryensu, su kuwa waɗannan zanguna mono suke ɗauka. Tashar FM mai sitiriyo ba ta fara a Nijeriya ba sai a ƙarshen shekarun 1970, a Ikko.

Don mu ga tsawon wannan zamani da idon gida, sai mu auna shi da mulkin Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya shugabanci Majalisar Sarakunan Jihar Arewa. Ya hau gadon sarauta a 1954, lokacin da garmaho mai wani da hannu yake abin alfahari a gidajen attajirai, shekara 4 kafin faifan sitiriyo ya shiga kasuwa a can ƙasashen Turawa. Ya rasu a 1995, lokacin da kaset ya cika kowace tasha. A cikin waɗannan shekaru 41, talakan Gwandu ko na Kalgo ko na Ambursa da ya saurari waƙa ko tafsiri ko jawabin sarki ta na'ura, galibi ta rediyo mai batir ko rikoda mai lasifika guda ya saurara. Ke nan ko da abin da aka sa masa da sitiriyo aka ɗauke shi, da mono ya iso kunnensa.

Manyan makaɗan fada na wannan yanki namu na yamma a wannan zamani aka ɗauki muryoyinsu. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, ya rasu a farkon shekarun 1960, kafin sitiriyo ta yi wani tasiri a Nijeriya. Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu a 1973. Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Argungu da Yawuri kiɗa, shi ma ɗan wancan zamani ne. Musa Ɗanƙwairo Maradun, da ya kai 1991, da Mamman Shata Katsina, da ya kai 1999, su ne suka ratsa zamunan duka, tun daga faifai har kaset. Daga waje kuma manazarta sun zo da na'urorinsu. David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗen ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1960, aka buga su a manyan fayafayai biyu cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi, sa'an nan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Abin da Mono ta Riƙe da Abin da ta Zubar

Ƙungiyar makaɗin fada tana da tsari. Akwai jagora mai fitar da ɗiyan waƙa, akwai 'yan amshi, akwai masu ganguna, akwai sanƙira mai jefa kirari yana fayyace wa ake nufi. Wanda ya zo ɗaukar wannan taro da makirfo guda ba shi da wata dabara sai ta jera mutane. Jagora ya matso kusa, 'yan amshi su ɗan ja baya, masu kotso ko taushi su ƙara nisa don kada su danne magana. Jerin nan shi ne haɗin, kuma da zarar an ɗauka ya zauna ke nan. Saboda haka ko da yake mono ba ta nuna dama da hagu, tana nuna kusa da nesa. Mai kunne zai ji wanda yake gaba da wanda yake baya, zai ji ko a ɗaki aka yi ko a fili.

A nan ne mono ta dace da waƙarmu. Waƙar Bahaushe magana ce kafin ta zama amo. Abin da mai sauraro yake nema shi ne kirari da habaici da zambo da salsalar wanda ake yi wa, ganga kuwa rakiya take yi. Mono takan dunƙule komai wuri guda, ta ajiye muryar jagora a tsakiya da nauyinta, ko ina mutum ya zauna a zaure abu ɗaya zai ji. Waƙoƙin wa'azi kuwa, waɗanda aka fi sanin ƙasar Gwandu da su, da karatun tafsiri, murya guda ce ko biyu, ba su da wata bukata da sitiriyo za ta biya.

Amma kada son gida ya rufe mana ido, mono ta zubar da abubuwa. Na farko ta zubar da fili. Kiɗan sarauta a ƙofar fada ake yinsa ko a hawan salla, kakaki na nan, algaita na can, makaɗa suna tafe bisa dawaki, amo yana matsowa yana wucewa. Hanya guda ba ta iya ɗaukar wannan. Na biyu, tsofaffin na'urori da ƙananan lasifika ba su iya fitar da amo mai zurfi, shi ya sa tambari, wanda a fili ake jinsa har a ƙirji, yake fitowa kamar ana buga ƙwarya. Na uku, kuma shi ne ya fi damun ɗaliban adabi, a salon makaɗan yamma 'yan amshi ba gindin waƙa kaɗai suke maimaitawa ba. Sukan tarbi jagora ya fara ɗa su ƙarasa, wani lokaci muryoyinsu su hau tasa. A fada kunnuwa biyu za su ware su. A mono kuwa sun narke wuri guda, sai ka ga manazarta biyu sun saurari waƙa ɗaya sun rubuta kalmomi dabam dabam, balle idan mai rubutun bai saba da Sakkwatanci ba. Na huɗu, minti 3 na tsohon faifai ya tilasta wa makaɗin da ya saba jan waƙa rabin sa'a ya datse ta. Wanda ya ɗauka abin da ke faifan shi ne dukkan waƙar ya yi kuskure.

Misali Daga Ingila

Wani zai ce to ai wannan ya nuna sitiriyo ta fi, mu ne dai ba mu same ta da wuri ba. Amsar wannan tana can inda aka ƙera na'urar. Mawaƙan nan na Ingila da ake kira Beatles, har zuwa 1968 kowane babban faifansu iri biyu aka buga shi. Amma da yake yawancin matasan da ke sauraronsu ƙaramar garmaho da rediyo suke da su, haɗin mono shi ne suke zama a yi a gabansu, su sa baki, su gyara. Na sitiriyo sau da yawa injiniyoyi ake bar wa su yi shi daga baya cikin ɗan lokaci. A faifansu na 1967 mai suna Sgt. Pepper, akwai waƙar da a mono ta fi sauri kuma muryar ta fi tashi bisa ga yadda take a sitiriyo. A wasu fayafayansu na farko kuwa, haɗin sitiriyo ya tura muryoyi gefe guda, kayan kiɗa ɗaya gefen, tsakiya ta zama wayam. Da aka daina buga mono, sai aka yi shekaru masu yawa jama'a ba su jin haɗin da mawaƙan suka amince da shi, har sai da kamfanin ya tattara na mono ya sake fitar da su a 2009.

Darasin shi ne, tambayar wanne ya fi daɗi tambayar mai sauraro ce, kowa da kunnensa. Tambayar mai tarihi kuwa ita ce wanne ne mai aikin ya yi, wanne ne mutanen zamaninsa suka ji. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan mai ita ya kau, abin da ya fi kusa da bakinsa shi ne ɗaukar farko.

Sitiriyon Jabu

Da sitiriyo ta zama yayi a shekarun 1960, kamfanoni sun ga suna da ɗimbin tsofaffin waƙoƙi na mono waɗanda masu sababbin na'urori ba su son saye. Sai suka ƙirƙiro wata dabara. A ɗauki hanyar nan guda a raba ta biyu, a tura amo mai kauri hagu, mai kaifi dama, a jinkirta ɗaya kaɗan, a ƙara amsa-kuwwa, sa'an nan a rubuta sitiriyo a jikin kwali. Kamfanin Capitol na Amurka har suna ya raɗa wa tasa dabarar, Duophonic. Wannan bai ƙara wa waƙar komai ba, domin abin da makirfo bai ɗauka ba babu mai iya mayar da shi. Abin da ya yi kawai shi ne ya watsa muryar mawaƙi, ta rasa tsakiya. Mafi muni kuma, idan aka saurari irin wannan ta lasifika guda, hanyoyin biyu sukan ci juna, wasu sassan amon su ɓace, murya ta fito kamar daga cikin tulu. Daga baya masana suka yi tir da wannan aiki, aka koma neman asali.

Abin da Turawa suka yi suka bari, shi ne yanzu ya zama ruwan dare a wurinmu. Yaro mai kwamfuta a shagon tura waƙoƙi yana iya yinsa cikin minti guda, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Yakan sami kaset da aka kwafa daga kaset, wanda shi ma daga rediyo aka ɗauka, kowane kwafi ya ƙara shuu ya rage kaifi. Watakila ma batir ɗin rikodar ya yi sanyi a lokacin ɗauka, saboda haka gudun waƙar ya sauya, muryar dattijo ta koma ta saurayi. Sai ya sa na'urar goge shuu, ita kuwa ta haɗa da ƙarshen kalmomi ta goge. Ya ƙara amsa-kuwwa, ya buɗa ta dama da hagu, ya matse ta don ta yi sauƙin turawa a WhatsApp. Garin neman gira an rasa ido. Bayan shekara 20, idan kaset ɗin ya lalace, wannan ne zai zama Narambaɗan da jikokinmu za su sani.

Gaskiya ne akwai sabuwar fasahar kwamfuta mai iya ware murya daga ganga a cikin hanya guda, kuma da ita aka sake haɗa faifan Beatles mai suna Revolver a 2022. Tana iya taimakon ɗalibin da yake ƙoƙarin jin abin da 'yan amshi suka faɗa. Amma abin da take fitarwa kintace ne na na'ura. Matsayinsa matsayin sharhi ne, ba ya zama a gurbin matani.

Darasi Daga Gwandu

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka Gwandu a 1805, kuma bayan rabon mulki na 1812 ta zama cibiyar yammacin Daular Usmaniyya a hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829. Malam Abdullahi ya bar littattafai masu yawa, ciki har da tafsirinsa Liya'ut Tawili da Tazyinul Waraƙati. An san shi da tsanani a kan sha'anin kiɗa, ba kuwa ina jingina masa son ganga ba ne. Abin da nake aro daga makarantarsa shi ne ladabin kwafa. Babu ɗab'i a lokacin, da hannu littafi yake yaɗuwa, amma ya yaɗu bisa ƙa'ida. Mai kwafa ba ya gyara wa mawallafi magana don ta fi daɗi. Idan ya gama sai a yi muƙabala, wani ya riƙe asali wani ya riƙe kwafi, a bi su layi layi. Idan yana da bayani, a gefen shafi yake sa shi. A ƙarshe sau da yawa yakan rubuta sunansa, wani lokaci har da wanda ya kwafa dominsa. Ɗalibi kuma yakan san daga wa ya karɓi littafi, shi ma daga wa ya karɓa.

Saboda wannan riƙo ne baƙo ya sami abin da ya samu a Gwandu. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka garin, aka ba shi aron littafin Tarihus Sudan, wanda yake ba da labarin daular Sanwai da birnin Tambutu. Ta hannunsa ne malaman Turai suka fara sanin abin da ke cikinsa. Amma Barth cikin gaggawa ya tsakuro sassan da ya iya a 'yan kwanakin da ya yi, kuma ya danganta littafin ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman Sa'adi ne ya wallafa shi. Wannan kuskure ya daɗe yana yawo a littattafai kafin a gyara shi, kuma an iya gyara shi ne domin cikakkun kwafe-kwafe sun wanzu. To ina wanda zai gyara mana idan aka tura waƙar Jankiɗi da sunan Ɗandawo, aka sauya mata gudu da amo, asalin kuma ya riga ya ruɓe a cikin kwali?

Abin da ya Kamata a Yi

Fayafayai da tef ba su da tsawon ran takarda. Zafi yana lanƙwasa roba, damina tana kawo fumfuna, ƙurar hunturu tana cin kwarin faifai, na'urorin da za su karanta su kuma kullum ƙarewa suke yi. Ko BBC da ƙarfinta ta goge ɗimbin tef nata a shekarun 1960 da 1970 don ta sake amfani da su, daga baya ta dawo tana cigiya. Saboda haka ga shawarwarina.

Na farko, ga ma'aikatan gwamnati. Duk wanda yake riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya a ma'aikatar watsa labarai ko gidan rediyo ko ofishin ƙaramar hukuma ko na masarauta, kada ya sa hannu a zubar da tsohon tef ko faifai da sunan shara, ko da an riga an kwafe shi. Asali ba ya tsufa ga mai bincike.

Na biyu, a kwafi mono a matsayin mono. Idan da allurar sitiriyo aka karanta faifan mono, haɗe hanyoyin biyu su koma ɗaya yakan rage ƙarar ƙarzuwa, domin yawancinta daga hawa da saukar allura take zuwa, waƙar kuwa a kaɗawar gefe take. Faifai mai zagaye 78 kuma allurarsa ta fi ta babban faifan roba kauri, kada a musanya su.

Na uku, kwafin farko a bar shi yadda ya fito, da shuu ɗinsa da tarin mai tari, ba a matse ba, a ajiye shi wuri biyu ko uku. Wanda yake son gogagge don sauraron nishaɗi ya yi nasa daga wannan, ya kuma rubuta cewa gyararre ne.

Na huɗu, kowace murya a yi mata isnadi: wa ya yi, wa aka yi wa, a ina, yaushe, wa ya ɗauka, daga hannun wa aka karɓo. Dattawan da za su iya amsa waɗannan tambayoyi suna nan a Gwandu da Birnin Kabi da Argungu, amma kullum raguwa suke yi.

Na biyar, abin da za mu ɗauka yau, kamar hawan salla ko naɗin sarauta, mu ɗauke shi da sitiriyo ta gaskiya, don na baya su sami filin da mu muka rasa.

Kammalawa

Kano tana da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, Kaduna tana da Gidan Arewa, Sakkwato tana da hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta sami jami'ar tarayya a 2013, mazauninta kuwa yana nan ƙasar Kalgo, cikin masarautar Gwandu. A ganina babu aikin da ya fi dacewa da jami'ar da ke zaune a wannan ƙasa kamar ta keɓe ɗaki guda na ajiyar muryoyi, ta sa ɗalibanta su bi gidaje da fadoji da tsofaffin shagunan kaset su tattaro abin da ya saura, su kwafe shi bisa ladabin da na ambata. Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Abin da yake bukata shi ne haƙuri da amana, kuma a fara shi tun masu ajiyar suna raye.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.